Wata 14 ina cin abinci a farantin awo na masu tiyatar rage ƙiba, ga abin da na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ina wata na uku da tiyata ake tambayata wai saitin farantin nan da ake tallata wa masu tiyatar rage ƙiba yana da amfani kuwa, ko dai kawai hanyar cin kuɗin marasa lafiya ce, ni kuma na ƙi cewa komai a lokacin saboda ban ga ƙarshensa ba tukuna. Yanzu wata 14 kenan da yi min aikin, kusan kullum sai na taɓa wani abu a cikin saitin har ya tsufa a hannuna, to yanzu kam zan iya magana.

Ni silib aka yi min, wato wadda ake yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a cire shi gaba ɗaya, a bar wa mutum wani siririn abu mai kama da ayaba. Ba baifas ba ce, ita baifas 'yar jaka ake yi a saman tumbi da ba ta wuce girman ƙwai ba sai a haɗa ta da hanji kai tsaye. Ku riƙe wannan bambancin don zai dawo a gaba.

Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ma irinsu sun yi yawa a intanet duk kusan kamarsu ɗaya. Abin da ya zo a kwalin: faranti na roba mai gida uku, babban gidan na nama ko kifi ko ƙwai, matsakaici na ganye, ƙarami na sitaci, sai kwano mai layuka a cikinsa 60, 120, 180 da 240 mil, wato mililita, sai ɗan cokali da ɗan cokali mai yatsu, gorar ruwa ta lita ɗaya mai lokuta a jikinta, da wani ɗan littafi. Ƙanwata ce ta yi min odarsa sati ɗaya kafin a shiga da ni, tace Yaya ko ba komai ranki zai yi daɗi idan kin dawo kin tarar da kayanki na kanki. Kuma gaskiyarta.

Ana cewa ido ba mudu ba amma ya san kima. To wallahi bayan aikin nan idona bai san kima ba ko kaɗan, kuma wannan shine abin da babu wanda ya shirya ni a kansa. Likita ya rage tumbi, har yunwar ma ta ragu sosai a watannin farko saboda ɓangaren da ake cirewa a silib shine yafi samar da sinadarin girelin mai sa mutum jin yunwa, amma ido da hannu suna nan da tsohon awonsu na shekara da shekaru. Zaki tsaya gaban tukunya ba kya jin yunwa ko kaɗan amma hannunki ya zuba ludayi biyu, ido kuma yace ai wannan ma bai kai ba. Duk amfanin saitin nan idan yana da shi a nan yake, ba wai shi ke rage ƙiba ba, aikinsa ya tsaya tsakanin idonki da sabon cikinki har su san juna.

Sati biyun farko ruwa-ruwa kawai aka yarda nasha, romo tacacce, madara marar kitse, yogot mai ruwa marar suga, garin furotin (sinadarin gina jiki) a dama. A wannan lokacin faranti ba shi da wani aiki, yana cikin kwalinsa. Abin da na fi buƙata ma babu shi a saitin, wato ɗan kofin nan na shan magani mai 30 mil da aka bani a asibiti, shi nake cikawa ina kurɓa a hankali duk bayan minti 15 kamar yadda aka tsara min. Ina ganin duk wanda ya haɗa saiti don masu wannan tiyatar ya kamata ɗan kofin nan ya fara sakawa kafin komai, don kwanakin nan sune mafi wahala.

Gorar ruwan ita ce ta fi ɓata min rai, bari in gama da ita tun yanzu. An ce min in riƙa shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, kuma ba maganar wasa ba ce, ƙarancin ruwa a jiki na cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane asibiti a makonnin farko, saboda ba zaki iya ɗaga kofi ki kwankwaɗe kamar da ba, kurɓa ce kawai kurɓa kurɓa tun safe har dare. To gora mai lokuta a jiki kamar zata taimaka ko? Matsalar farko da sitiro, wato tsinken zuƙa, ta zo a maƙale a murfin, ni kuma an hana ni zuƙa da sitiro saboda iskar da ake haɗiyewa tare da ruwan, nasan wasu likitocin ba sa hanawa amma nawa sun hana, idan kuma kika cire sitiron murfin baya rufuwa da kyau, sau biyu tana jiƙa min jaka. Matsala ta biyu ita ce lokutan da aka rubuta a jere suke awa bayan awa kamar mutum ba ya cin abinci, alhali mu ƙa'idarmu ba a haɗa ci da sha, ana tsayar da ruwa kamar minti 30 kafin abinci, ba a sha lokacin ci, sannan a jira minti 30 bayan an gama. Ki lissafa abinci sau uku a rana, kusan awa huɗu da rabi kenan da ba ki taɓa ruwa ba, sai ki duba gora kiga layin ƙarfe biyu yana nuna an barki a baya, sai hankalinki ya tashi ki fara gaggawa, gaggawa kuma ciwo take kawowa. Na koma gorata ta da marar rubutu, nasa ƙararrawa a waya, shikenan na samu sauƙi.

Kwanon awon ne ya fara aiki a sati na uku da aka ce in shiga markaɗaɗɗen abinci. Ba zan manta ranar ƙwan farko ba. Ƙwai ɗaya na kaɗa da ɗan madara na dafa shi laushi-laushi a kan wuta kaɗan, na zuba a kwanon ko layin 60 bai gama kaiwa ba, na zauna ina kallonsa ina cewa a raina wannan ai loma biyu ne. Cokali na farko lafiya, na biyu lafiya, na ajiye cokali ina ƙirga numfashi kamar yadda aka koya min, na uku yana sauka naji wani nauyi ya tsaya min a ƙahon zuci kamar an ɗora ɗan dutse, sai hancina ya fara yoyo, sai shaƙuwa guda ɗaya. Ban gane ba a lokacin, na ɗauka mura ce ke shirin kama ni, na ƙara rabin cokali, nan take bakina ya cika da yawu. Daga baya ƙwararriyar abincin da ke bibiyata tace min Hajiya ai wannan yoyon hancin da shaƙuwar sune sabuwar ƙoshinki, wasu atishawa suke yi wasu gyatsa, da kin ji su ki ajiye cokali ko da saura loma ɗaya. Har yau haka nake, shaƙuwa ɗaya tak na san an rufe ƙofa.

Layukan cikin kwanon sun taimake ni ta wani wajen da ban zata ba, wato sun sa na daina tsoro. A watan farko kullum tunanina ko dai na ci da yawa na buɗa ɗinkin, ko kuma ban ci isasshe ba zan faɗi, amma idan aka tambaye ni nawa kike ci sai in ce bai kai 60 ba, bayan sati biyu in ce ya ɗan wuce, magana ta lamba ba ta kame-kame ba. Sai dai a kula, layin nan yawan abu yake aunawa ba nauyinsa a ciki ba. Yogot 120 mil zai wuce salin alin, amma tsokar kaza da ta cika layin 120 a wata na biyu azaba ne. Littafin bai faɗi wannan ba ko a waje ɗaya.

Ɗan cokalin kuwa, Allah ya saka wa wanda ya yi tunaninsa da alheri. Shi ne mafi araha a kwalin na tabbata, kuma shi ne ya fi komai amfani. Bakinsa bai kai na cokalin shayi ba, ko kin so ki cika baki ba zai ɗauko ba, dole loma ta zama ƙarama, ƙaramar loma kuma ita ake iya taunawa sau 20 zuwa 30 ɗin da ake cewa har ta zama kamar an markaɗa. Ana so abinci ya ɗauki minti 20 zuwa 30, da babban cokali a minti huɗu na gama abin da ke gabana kafin ciki ya samu damar cewa ya isa. Mai yatsun ne dai bai yi ba, yatsunsa sun dakushe tun daga kamfani, baya huda nama sai dai ya murƙushe shi, na maye gurbinsa da na yara na ƙarfe.

Yanzu kan farantin kansa, wanda na fara amfani da shi wajen sati na bakwai da aka sake min abinci mai ɗan ƙarfi.

Abin da ya koya min wanda har yanzu yana jikina shine tsarin ci, furotin farko, sai ganye, sai in akwai sauran wuri a taɓa sitaci. Da yake gidan naman shi ne babba kuma shi ke fuskantarki, hannu can yake fara zuwa ba tare da kin yi tunani ba. Dalilin tsarin kuma a fili yake, an ce min in samu giram 60 zuwa 80 na furotin kullum don kar jiki ya koma cin tsokar kansa yayin da nauyi ke zuba, kuma cikin da bai wuce ɗan kofi ba idan kika fara cika shi da shinkafa ina naman zai shiga? Amma a nan ne na tafka wani kuskure da nake so kowa ya ji don na san ba ni kaɗai ba ce. Kusan kwana goma ina ɗauka giram 60 na kaza shine giram 60 na furotin. Ashe ba haka ba ne sam. Dafaffiyar tsokar ƙirjin kaza giram 100 kusan giram 30 na furotin ke ciki, ƙwai ɗaya kusan 6, kofin madara na 250 mil kusan 8, dafaffen wake giram 100 tsakanin 8 da 9. Ni kuma a lokacin abin da nake iya ci a zama ɗaya bai wuce giram 50 na kaza ba, wato 15 kenan, sau uku a rana 45, ko mafi ƙarancin ma ban kai ba alhali ina ganin gidan furotin a farantina a cike nake jin na cika sharaɗi. Faranti ba zai taɓa gaya miki wannan ba. Ɗan sikelin kicin da na saya daban shi ya buɗe min ido, kuma in da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin farantin da sikelin a wata shidan farko wallahi sikelin zan ɗauka. Giɓin da ya rage da garin furotin na cike shi, irin wanda aka rubuta whey isolate a jikin robar, awo ɗaya na giram 30 yana bada kusan 25, kuma shi ya fi zauna min saboda bayan aikin madara ta fara murɗa min ciki, shi kuma sugan madarar da ke cikinsa kaɗan ne. Wata ta bani shawarar garin kolajin don gashi, na tambaya aka ce min in sha in ina so amma kar in saka shi a lissafin furotin na rana saboda ba cikakke ba ne.

Ranar da na gane darajar farantin da gaske ita ce ranar da babu shi. A wata na biyu muka je gidan yayar maigida cin abincin dare, kunya ta hana ni ɗaukar kayana, aka zuba min a babban faranti irin na kowa, na ɗebi abin da a idona ɗan kaɗan ne don a tsakiyar wannan ƙaton farantin kamar ba a zuba komai ba, gasasshiyar kaza ce ta ɗan bushe, ga babban cokali, ga hira ana ta yi ana dariya. Ban san lokacin da na haɗiye loma biyu ba tare da na tauna su yadda ya kamata ba. Abin ya tsaya min cak a ƙirji, ba ya sauka ba ya fitowa, na tashi a hankali na shiga banɗaki na dafa wajen wanke hannu, wani farin yawu mai kauri kamar kumfa yana ta zuba daga bakina, idona na hawaye, ina jin muryoyinsu daga falo, ina so in kurɓi ruwa in tura shi amma na tuna an ce ruwa ƙara dagula shi yake. Kusan minti arba'in na yi a tsaye kafin ya fito. Maigida ya ƙwanƙwasa ƙofa sau uku yana tambaya ko mu tafi asibiti. Tun daga ranar ko ina zani ɗan cokalin nan yana cikin jakata, in ba zan iya ɗaukar farantin ba sai in roƙi ɗan farantin da ake ɗora kofin shayi in zuba a kai, kuma na daina magana da abinci a baki, in zan yi hira sai in ajiye cokali.

Ƙorafina babba a kan farantin shine gidan sitacin nan. Ƙarami ne eh, amma kasancewarsa a wurin kawai yana kiranki ki cika shi, don mutum baya son ganin gurbi a buɗe a farantinsa. Burodi mai laushi da shinkafa da taliya su ne abubuwan da suka fi ba masu wannan aikin wahala a watannin farko, burodi yana dunƙulewa ya zama kamar ƙullu a ciki, kuma duk cokalin da suka ci wuri an tauye wa nama ne. Ƙwararriyar tace min in bar gidan nan fanko har sai ta ce, kusan wata shida yana nan babu komai, wani lokacin in saka 'yan yankan kokwamba don ido ya huta. Ya kamata a ce a jikin farantin ko a littafin an rubuta cewa wannan gidan ba na yanzu ba ne.

Shi littafin ma dai, hmm. Shafuka kaɗan ne masu hotuna masu kyau, amma awo ɗaya ya ba kowa, bai bambanta mai silib da mai baifas ba, bai bambanta mai sati shida da mai shekara ɗaya ba, alhali na faɗa muku jakar mai baifas a farko ba ta wuce ƙwai ba, idan ta bi hoton nan ta cika gidaje ukun ai ta cutu. Har da hoton kofin ruwan lemo a gefen faranti a shafi ɗaya, abu biyu da aka hana a hoto guda, sha tare da ci da kuma zaƙi. Maganar zaƙi ba ƙarama ba ce, akwai abin da suke kira dampin, wato abinci mai suga ya zarce hanji da sauri, ya fi kama masu baifas amma mu masu silib ma yana samunmu, ni ya same ni a wata na huɗu da rabin kofin ruwan 'ya'yan itace na kwali. Minti ashirin ba a yi ba zufa ta karyo min, zuciyata na bugawa kamar zata fito, jiri, cikina na juyawa, sai da na kwanta a ƙasa kusan rabin awa. Akwai kuma mai zuwa a makare bayan awa ɗaya zuwa uku lokacin da sugan jini ya faɗi, mutum ya ji rawar jiki da rauni. Ko kalma ɗaya littafin bai yi a kan wannan ba, lemon kwalba mai gas ne kawai ya ce a guje wa.

Bitamin kuma layi ɗaya ya ba shi, wai a sha kamar yadda likita ya ce. To gaskiya ne amma mai karanta littafin zai ɗauka idan farantinsa ya yi kyau ya gama, alhali ko farantinki ya fi na kowa tsari abincin ya yi kaɗan ya wadatar da jiki, kuma tumbin da aka rage baya iya taimakawa wajen tsotse bitamin B12 da ayon, wato sinadarin ƙarin jini, kamar da. Ni ina shan haɗaɗɗen bitamin kullum, da B12, da bitamin D, da kalshiyom irin na sitiret wanda ake so ya kai miligiram 1200 zuwa 1500 a rana amma a rarraba shi kashi biyu ko uku don jiki baya ɗaukar fiye da 500 zuwa 600 a lokaci guda, kuma a raba shi da ayon da aƙalla awa biyu saboda suna hana juna shiga. Wannan abin na har abada ne, da gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Kuma dan Allah duk wadda take ta amai kwana da kwanaki ba ta iya riƙe komai kar ta zauna tana cewa zai wuce, bitamin B1 yana ƙarewa a jiki cikin 'yan makonni kuma rashinsa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake taɓawa, a koma asibiti. Gashina ya zuba daga wata na uku har wajen na shida duk da ina ƙoƙari, kullum na taje kai sai na cika hannu, na yi kuka a kan haka ba sau ɗaya ba, amma ya tsaya kuma ya fara tsirowa kamar yadda aka ce min.

Akwai wani lokaci kuma da farantin ya dawo da amfaninsa bayan na ɗauka na wuce shi. Wajen wata na takwas nauyina ya tsaya cak sati biyar, ni kuma ina rantsuwa ba na cin komai. Da na zauna na rubuta duk abin da ya shiga bakina na kwana uku sai naga gaskiya, biskit biyu ina tsaye a kicin, 'yan cifs daga hannun yara, cokali uku na askirim da daddare, irin abubuwan nan masu narkewa ne, suna sulalewa su wuce ba sa tsayawa a ciki balle shaƙuwar nan ta zo ta tsayar da ke, za ki iya cin su wuni guda ba ki ji komai ba, kaza kuwa cokali shida ta rufe ki, to a hankali jiki ke koyon gudun mai wahalar ya koma mai sauƙin. Tiyata ba ta hana wannan. Dokar da na kafa wa kaina ita ce duk abin da zan ci, ko ƙwaya ɗaya ce, sai na ɗora shi a farantin nan na zauna a kujera. Da kika ɗora biskit a faranti mai gida uku sai kiga ba shi da gida, ba nama ba ne ba ganye ba ne, sau da yawa a nan nake mayar da shi. Bayan sati biyu sikelin awon nauyina ya ci gaba da motsi.

Ingancin kayan dai matsakaici ne. Layukan cikin kwanon fenti ne ba zane aka yi a jikin robar ba, wata na biyar 60 da 120 sun koɗe duk da da soso mai laushi nake wankewa, su ne kuma aka fi buƙata. Miya mai tumatir da mai ta bar jan tabo a gidan naman da ya ƙi fita. An rubuta kar a saka a maikirowef, wannan kuma matsala ce ta gaske ga mai ɗaukar rabin awa yana cin abu, don robar siririya ce kafin ki kai rabi abincin ya huce, nama mai sanyi kuma ya fi taurin haɗiya, sai dai in juye a wani kwanon in ɗumama in dawo da shi. Na rubuta wa kamfanin saƙo kan layukan da suka goge, sai bayan kusan sati uku aka amsa min da godiya da cewa in riƙa wankewa da hannu, abin da dama shi nake yi. Sannan a bakin farantin an rubuta sunan tiyatar da manyan baƙaƙe, ni ba na ɓoye abin da aka yi min amma ba kowa ke son duk wanda ya zauna kusa da shi a wurin aiki ya karanta tarihin lafiyarsa a farantinsa ba.

A gida kuwa farantin ya raba ni da rigima da Umma. Farkon da ta zo ta ga abin da nake ci sai idonta ya ciko, tace 'yar nan wannan ne abincin naki, haka zaki rayu? Kullum sai ta ƙaro min cokali ɗaya tana cewa daure ki ƙara ko don ni. Na rasa yadda zan yi mata bayani ba tare da ta ji kamar ina ƙin abin hannunta ba, sai na nuna mata layin kwanon nace Umma likita ne ya ce iya nan, in ya wuce ciwo zai sa ni. Da ta ga abin a rubuce sai ta yarda, har ta koma ita ke zuba min tana ɗaga kwanon saitin idonta tana duba layi, in ƙanwata ta zo zata ƙara sai tace a'a bar mata haka, iya nan aka ce.

Wadda ake shirin yi wa aikin in ta tambaye ni, zan ce ta nemi kwano mai layukan da aka zana a jiki ba fenti ba, in da hali na tangaran mai shiga maikirowef, da ƙananan cokula, da sikelin kicin, da ɗan kofin 30 mil, farantin kuma ta saya in tana so amma ta kai shi wajen masu bibiyarta su nuna mata iya inda zata zuba a kowane mataki, kar ta bi hoton littafin. In an haɗa da gora mai sitiro ta tambaya tukuna ko an yarda mata. Wanda ya riga ya shekara da aiki kuma yana ganin nauyi na dawowa, shi farantin kaɗai zai fi masa amfani fiye da sauran.

Ni yanzu ina cin kusan abin da ya kai layin 180 in mai laushi ne, nama kuma giram 80 zuwa 90 a zama ɗaya, gidan sitacin yana samun cokali biyu wani lokacin. Gorar na ba yara suna zuwa makaranta da ita, littafin ban san ma inda yake ba. Kwanon na yi odar na tangaran a madadinsa ina jiran ya iso, farantin mai jan tabo yana nan ina cin abincin rana a kai, ɗan cokalin kuma na ƙaro guda biyu, ɗaya a jaka ɗaya a durowar ofis.